Ƙyallin Mota A Birnin Zazzau: Gyara Ne Ko Kitso Da Ƙwarƙwata?

Da zarar hunturu ya kankama, tun daga Nuwamba har wajen Maris, duk motar da ta kwana a waje a birnin Zazzau takan wayi gari da farar ƙura tun daga rufi har taya. Kafin maigida ya gama karyawa an riga an tura yaro da tsumma, yawanci tsohuwar singileti ko guntun zanen da aka daina ɗaurawa, ya bi motar daga bonet zuwa but yana dirza da iyakar ƙarfinsa, don kada a ce ya yi ha'inci. Haka ake yi a Kwarbai, haka ake yi a Kaura da Limancin Kona, haka a Tudun Wada. Maigida ya fito ya ga mota tas, ya shi wa yaro albarka. A ganina babu abin da ke cin fentin motocin garin nan kamar wannan hidima ta safe. Ko ɗan acaɓan da ya goge ka a cunkoson Ƙofar Doka bai kai ta ɓarna ba, domin shi tsautsayi ne na rana guda, ita kuwa kullum ce.

Ƙurar hunturu a ido kawai take da laushi. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa, sannan ta haɗa da yashin da ta tsinta a hanya. A cikinta akwai ɓarɓashin dutsen nan da masana ke kira kwaz, wanda a ma'aunin taurin duwatsu yake mataki na 7 cikin 10, alhali gilashi bai wuce 5 da rabi ba. Abin da ke karce gilashi, ina ga fenti? Duk jan tsumma ɗaya a kan busasshiyar ƙura yakan bar layuka sirara ba adadi. A inuwa ba a ganinsu. Sai an fito da baƙar mota tsakar rana ne za a ga zagaye-zagaye sun kewaye hasken rana a jikin bonet, launin kuma ya koma toka-toka. Daga nan sai a ce fenti ya mutu, a kai ta folish.

To, sana'ar farfaɗo da fenti ta zamani ta yi ƙarfi a Legas da Abuja, ta iso Kaduna da Kano, samarinmu kuma suna kallonta a Facebook da TikTok, wasu har sun sayi injin gogewa sun kafa laima. Ba wankin mota ba ce, ko da yake da wanki take farawa. Gwaninta yakan wanke mota tas, ya cire ɗigon kwalta da tsakuwar da ta nutse a fenti da wani irin yumɓu na musamman, ya rufe bakin ƙofofi da robobi da tef, ya haska fitila mai ƙarfi don ya ga girman ɓarnar. Sannan ya gwada man gogewa mafi sauƙi a ɗan ƙaramin wuri. In bai ci ba ya ƙara mai kaushi, in ta kama ya sa samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa. Mota guda takan cinye masa yini ɗaya zuwa uku. Ina girmama wannan aiki, kuma ba na cikin masu cewa almubazzaranci ne. Sai dai akwai abu guda da ya kamata duk mai mota ya sani kafin ya miƙa makulli: injin gogewa ba ya ƙara wa mota komai, ragewa yake yi.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai rigar hana tsatsa, sai shimfiɗar da ke daidaita jiki, sai launi, sai wani farin ruwa garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukkansu in an haɗa, kaurinsu daga masana'anta yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato fentin motarka duka bai fi kaurin takardar rubutu ɗaya ko biyu ba. Kiliya kaɗai, wadda ita ce ke ƙyalli kuma ita ce ke tare zafin rana daga cin launi, takan tsaya tsakanin 35 da 50, ba ta kai silin gashi ba. Ƙwarzane kwari ne a cikin wannan kiliya. Ba a cike shi, sai dai a zaftare abin da ke gefensa har wurin ya yi daidai da gindin kwarin. Shi ya sa masana fenti ke gargaɗin kada a cire fiye da maikiron 8 zuwa 12 a tsawon rayuwar mota. Wanda ke kai motarsa folish mai ƙarfi duk jajibirin sallah, ƙarama da babba, cikin 'yan shekaru zai ga rufi da bonet sun fara fari-fari suna saɓulewa. A lokacin babu sauran gogewar da za ta yi magani, sai sabon feshi. Garin neman gira an rasa ido.

Mutumin Zazzau bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba. Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim a shekarun 1830, kuma maginanmu sun daɗe da sanin cewa ƙarfin soro yana ga abin da aka shafe bayansa da shi. Sukan haɗa katsi daga marina da gashin jima da dafara su yi laso, ko su yi makuba da ɓawon ɗorawa, don ruwan damina ya zame ya bar ginin. Kiliya ita ce lason mota. Bambancin kawai shi ne magini yana iya sabunta yaɓe kafin kowace damina, amma kiliyar masana'anta sau ɗaya ake yin ta. A can ana gasa gangar mota tsirara a zafin da ya kai digiri 140, kafin a sa mata waya ko roba ko kujera. Mai fenti a gari, ko da yana da ɗakin gashi na gaske, ba zai wuce wajen digiri 60 ba, in ba haka ba ya narkar da kayan cikin motar. Balle wanda ke feshi a fili ƙarƙashin darbejiya, iska na kawo masa ƙura tana zubawa a ɗanyen fenti.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin masu fentinmu suke da nauyin hannu, kuma ba jahilci ba ne. Da yawansu sun koyi aiki ne a zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika titunan Arewa da 404 da 504. Yawancin motocin wancan lokaci fentinsu hawa ɗaya ne a sama, launi da ƙyalli a haɗe. In rana ta ƙona shi ya yi gari, sai a goge mataccen a tarar da sabo a ƙasa, har tsumman ya rine da launin motar. A irin wannan fenti, mai ƙarfin hannu shi ne gwani. Daga shekarun 1980 kamfanonin duniya suka koma tsarin launi da kiliya, amma koyarwar gareji ba ta sauya tare da su ba. Yaron da ya gaji hannun ubangidansa, aka kuma ɗora masa injin lantarki mai juyawa sau dubu biyu a minti, zai iya ƙona kiliyar gefen ƙofar Corolla kafin ya ɗaga kai ya amsa sallama. A gefuna da kan layukan jiki fenti ya fi siranta, nan ne kuma inji ya fi cizo.

Masu cewa kula da fenti aikin 'yan gayu ne, su dubi kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da ke da tsohuwar 406 ko Vibe ya san cewa in ta lalace ba lallai ne ya sake mallakar wata ba. Mota ta zama kadara kamar fili, ita ake sayarwa in aurar da 'ya ya taso ko jinya ta yi tsanani. Fenti kuma ba ado kaɗai ba ne, shi ke tsakanin ƙarfe da tsatsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Inda nake da ja shi ne inda wannan fasaha ta faɗa hannun mai son rufe aibi. Je ka wuraren sayar da motoci a bakin titi, ko a Kwangila ko a hanyar Kaduna, za ka ji kalma guda tana yawo: "Alhaji, fes bodi ce, ko ƙwarzane babu." Wani lokaci gaskiya ne, don akwai dillalai masu tsoron Allah da za su nuna maka inda aka taɓa tun kafin ka tambaya. Amma kowa a harkar ya san cewa kaso mai yawa na motocin da ke shigowa ta Legas ko Kwatano daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Sayen irin wannan mota a gyara ba laifi ba ne. Da ba don su ba, da yawanmu da ƙafa za mu riƙa yawo. Laifin yana wurin da mai gyaran bodi zai bar ƙarfe a lanƙwashe ya cike ramin da fila, a fesa fenti a kai, a goge har ya ɗauki ido, sannan a rantse wa mai saye cewa ba a taɓa ta ba. Wata shida, zafin Afrilu ya buga, ramukan titi su girgiza ta, sai fila ta tsage ta fara zubowa.

Akwai ma wata dabara da ta fi wannan sauƙi. Wasu mayukan ba sa cire ƙwarzane sam, maiƙo ne kawai ke kwanciya a cikin layukan ya ɓoye su. Mota za ta yi sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi, a wanke ta sau uku ko huɗu, komai ya dawo. Mai aikin gaskiya yakan share wurin da ya goge da sifirit a gaban mai mota, don a ga ainihin abin da ya rage. Wanda ya ƙi yin haka in ka roƙa, ka san dalili.

Wannan ba sabon al'amari ba ne ga garin da ake karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaurukan Kona da Juma. Babin ciniki na littafin ya lissafa ɓoye aibin kaya da algus cikin abubuwan da ba su halatta ba. Malamai kan kawo misalin mai dabbar da zai ƙi tatsarta kwana biyu kafin ranar kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da ita. Ban ga abin da ya raba wannan da shafa wa mota maiƙo ranar da za a kai ta kasuwa ba. Abin mamaki, mutumin da ba zai yarda ya tauye mudu ba, sai ka ji shi yana cewa ai mota sai da kwalliya, ido ne ke saye. Kwalliya halal ce in an faɗi abin da ke ƙarƙashinta.

Maganin wannan kuwa ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihun riga. Akwai na'urar auna kaurin fenti, wadda mai araha daga cikinsu ba ta kai kuɗin sababbin tayoyi biyu ba. Ana ɗora ta a jikin ƙarfe ta nuna lamba nan take. In rufi da ƙofofi uku sun nuna 110 ko 130, ƙofa ta huɗu ta nuna 300, an sake fesa ta. In ta nuna 800 ko ta haura 1,000, akwai fila. In kuma wani wuri ya faɗo ƙasa da 80 alhali sauran jikin ya fi haka, an riga an goge shi har ya kusa ƙarewa, kada a sake kai masa inji. Ba ta aiki a kan bamba ta roba, wannan sai ido da gogewa. Wanda ba shi da ita ma, ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yakan saki jiki a inda fila ta yi kauri. Haka nan lambar shasi mai harufa da lambobi 17 takan fito da hotunan motar a filin gwanjon Amurka in an bincika ta a intanet, da raunukanta a fili.

Ina ganin duk wanda zai karɓi kuɗin mutane da sunan farfaɗo da fenti, amma ba shi da wannan na'ura, bai shirya ba. Kuma da ƙungiyoyin dillalan motoci na Zariya za su ajiye guda a kowace tasha, a auna mota a gaban mai saye da mai sayarwa da shaidu, a rubuta a takardar ciniki cewa ƙofar baya ta dama an fesa, da rabin rigingimun da ke kaiwa gaban alƙali ko ofishin 'yan sanda ba su taso ba. Dillalin kirki ma shi zai fi cin riba, don a yanzu kalmarsa da ta maƙaryaci farashinsu ɗaya.

Sai batun man siramik da ake ta talla, wanda ake cewa in an shafa mota ta gama da ƙwarzane har abada. Abu ne mai amfani: yana sa ruwa ya zame, ƙura ba ta kama jiki sosai, kashin tsuntsu da na jemage ba sa saurin cin fenti, wanda duk mai ajiye mota ƙarƙashin rimi ko mangwaro ya san zafinsa. Amma kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Lambar 9H da ake rubutawa a kwalbarsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta duwatsu ba. Ba zai hana kurar ɗan garuwa ta karce ka a lungun Alfadarai ba, ba zai hana hannun Keke Napep ba, ba zai hana yaran unguwa rubuta sunansu da yatsa a kan ƙura ba. Abin da ke iya tare irin wannan shi ne ledar kariya mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, wadda asalinta sojojin Amurka aka yi wa don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Wanda aka shafa wa siramik a kan fentin da ba a gyara ba kuwa, an dai kulle masa ƙwarzanensa a ciki ne.

Mafi yawan abin da motocin birni ke bukata bai kai nan ba. A daina goge busasshiyar ƙura; in babu ruwa a bar ta da ƙurarta, ba ta cizo sai an dirza. Na san ruwa a Zariya ba abin wasa ba ne, gidaje da yawa jarka suke saye. Amma bokiti biyu sun isa: a fara watsa ruwa ƙura ta sauka, a wanke daga sama zuwa ƙasa da tawul mai laushi, ana ɗauraye shi a bokiti na biyu kafin a mayar da shi cikin kumfa, sosan taya kuma kada ya taɓa jiki. A bar Omo ga kayan sawa, don yana wanke kakin da ke kare fenti yana kuma busar da robobi. Kada a yi wanki da tsakar rana, lokacin da bonet ke iya ƙona tafin hannu, domin ruwa na bushewa ya bar tabon gishirinsa. Ƙwarzanen da farce ya maƙale a ciki ya wuce gogewa, a ɗiga masa fenti a haƙura. Masu wankin mota a bakin rafuka da gidajen mai, waɗanda ke wanke mota ashirin da tsumma ɗaya da ya sha faɗuwa ƙasa, su ne ya fi kamata a fara koya wa wannan, tun da ta hannunsu kowace mota ke bi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana yaba sheƙin mota, wato yaran gareji. Su ke goge busasshiyar fila da samfefa har gashin girarsu ya yi fari, su ke riƙe bindigar feshi da ƙyalle ɗaure a hanci. Fentin zamani mai haɗin hadina, wato ruwan da ke sa shi ya taurara, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana sa shi a sahun gaba na abubuwan da ke jawo asma a wurin aiki, masu fesa fentin mota kuma suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ƙyalle ba ya tare shi, takunkumin takarda ma ba ya tare shi. Gwangwanin madarar da ake ba yaro bayan feshi wai ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba huhu ba. In cutar ta kama mutum, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai numfashi ya sarƙe, sana'ar ta ƙare masa ke nan yana da ƙuruciyarsa, a yi ta zargin tibi ana kai shi asibitin Saye ko na Shika.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, da Kwalejin Nuhu Bamalli, bai rasa masu ilimin da za su zauna da ƙungiyar makanikai ta NATA su tsara horo na 'yan makonni da Hausa ba. A Kaduna hukumar NBTE ta riga ta fara tantance masu sana'a na kasuwar Panteka tana ba su shaidar ƙwarewa, ba tare da an ce sai sun koma aji sun yi shekaru ba. Abin da za a koyar ba shi da yawa: yadda ake karanta na'urar awo, inda ake tsayar da inji, yadda ake haɗa fenti da hadina bisa ƙa'ida, da irin takunkumin da ya dace da feshi. Takunkumin na da tsada, kuma ubangidan gareji ba zai saya daga aljihunsa ba muddin masu motoci na ci gaba da taya aikin feshi kamar suna taya tumatir a Kasuwar Birni. Sai a sa kuɗinsa a cikin kuɗin aiki, a faɗa wa Alhaji dalili tun kafin a taɓa motarsa.